Rigar Tudu da Rigar Ruwa

Asabar, da hantsi

Abin da na gani da safiyar Talatar nan zan fara rubutawa, kafin a gama canza mini shi a ka.

Muna bakin kogi, rana ba ta gama fitowa ba. Na jera kayan Mai Garwashi a kan tabarma bayan motar kaya: wando, takalmi, ɗamara, da rigunan nan biyu. Mai Garwashi shi ne jarumin fim ɗin da muke ɗauka, saurayin da wuta ta mutu a garinsu, aka aike shi bayan duwatsu ya ɗebo ta, ya dawo da ita cikin kasko a ka. Yayana ne ke fitowa a matsayinsa. Ni ne mai kaya. Duk abin da yake sawa ni na ɗinka, shi ya sa ma'aikata ke ce mini Allura.

Rigar tafiyarsa biyu ce, daga yadi ɗaya na yanka su. Ta tudu na cika ta da auduga, na jera mata zobban ƙarfe a ƙirji, tana da igiya ta ciki da ake ɗaurewa don ta zauna a jiki. Ta ruwa falle ɗaya ce, zobbanta na roba ne na shafa musu fenti. Daga nesa kamar tagwaye. A hannu kuwa ko yaro ya san bambanci.

Na sa wa Yaya ta ruwa. Darakta ya zo ya kalle shi sama da ƙasa ya ce, "Wannan tsumman fa? Ba ta ƙyalli. Jarumi muke ɗauka ko mai wankin mota?" Na ce yallaɓai, yau ruwa za a shiga. Ya ce, "Ruwan da bai wuce ƙugu ba?"

Da hannunsa ya zare ta daga jikin Yaya ya jefar kan tabarma. Da hannunsa ya ɗauko ta tudu. Da hannunsa ya zura ciki ya ɗaure igiyar, ƙulli biyu, har Yaya ya yi dariya ya ce, "Yallaɓai, a bar mini wurin numfashi."

Ban sake jin muryarsa ba daga wannan.

Sauran mutane suna can bakin ruwa suna kafa kyamara. Amma ba ni kaɗai na gani ba.

Lahadi, bayan la'asar

An dawo da Yaya gida daga asibiti, kwana biyar bayan an tsamo shi daga kogin. Mun kwantar da shi a ɗakin gaba saboda ya fi iska. Idonsa a buɗe. Yana haɗiye abu in an ba shi da cokali a hankali. Likita ya yi doguwar magana, abin da na riƙe a ciki shi ne sai haƙuri.

Na miƙa hannu zan gyara masa matashi, matar Yaya ta ce, "Umma, ce masa ya matsa." Ina tsaye a gabanta. Matar da a da ba ta wuce ni sai ta ce, "Ƙaramin maigida, ina rigar da ka yi mini alkawari tun ina amarya?" Ni kuma in ce sai ranar da ta daina ƙona mana abinci. Yanzu ta bakin Umma take aiko mini da magana, muna ɗaki ɗaya.

Na matsa.

Litinin, da yamma

Darakta ya zo dubiya, direba na biye da shi da sabuwar fanka a kwali. Ya durƙusa gaban Umma har ƙasa. Ya yi hawaye. Na duba da kyau, na gaske ne, ban san inda yake samo su ba.

Ya ce, "Mama, ni idon kyamara gare ni, ba na tela ba. Rigunan nan in an jera mini su, wallahi ba na iya cewa ga wannan ga waccan. Abin da mai kaya ya sa wa mutum shi muke ɗauka." Sai ya dafa kaina. "Amma kada a matsa wa yaron nan. Rikicewa ya yi. Ni na yafe masa, aikinsa yana nan yana jiransa."

Umma ta yi ta sa masa albarka har ƙofar gida. Da ta dawo na ba ta labari tun daga tabarma har ƙulli biyu. Ta saurara kanta a ƙasa. Ta ce, "Wa ya gani banda kai?"

Na buɗe baki na rufe. In na faɗi wanda ya gani, za a je a tambaye shi, ya ce shi bai ga komai ba. In tashi daga mai kuskure in koma maƙaryaci.

Ta ce, "To ka gani. Ka kama bakinka. Mutumin nan shi ke ɗauke da maganin ɗan'uwanka."

Fankar tana juyawa a kan Yaya yanzu haka. Ba ta ƙara ko kaɗan. Mai kyau ya sayo.

Laraba, da sassafe

Ya yafe mini. Da maganar nan ta Darakta na farka a baki, kamar ɗacin magani.

Alhamis, da rana

Na koma aiki. Ɗakin kaya yana yadda na bar shi, keken ɗinki a buɗe, alli a kan tebur. A bayan ƙofa akwai buhu a ɗaure yana warin kogi.

Aka tara mu. Darakta ya ce fim ba zai mutu ba, don Yaya ma ba zai so haka ba. Shi ya san abin da Yaya ke so. Ya ce za a sake ɗauka daga farko, kuma Auta ne zai zama Mai Garwashi. Auta ɗansa ne na ƙarshe, wanda ke biyo mu wurin ɗauka ya zauna a mota da waya a hannu, a kai masa ruwan sanyi. Mai Kwalliya ta ce ƙasa-ƙasa, "Wannan in an aike shi ɗebo wuta, cewa zai yi a miƙo masa ta taga." Mai kyamara, da muke ce wa Ido Ɗaya don kullum ɗayan a runtse yake, ya ɓoye dariyarsa cikin tari.

Auta bai ɗago ba. Farcensa yake ci.

Da aka watse Darakta ya leƙo ɗakin kaya, ya taɓa buhun da ƙafa. "Ka wanke ta ka rage mata kafaɗa. Irin yadin nan ba a samunsa yanzu." Na ce to, yallaɓai.

Na kwance buhun, rigar tudu ce a ciki. Igiyar ciki a yanke take, inda masunta suka sa wuƙa. Ƙullin yana nan daram. Na datse shi na sa a aljihu.

Asabar, da hantsi

Auta ya zo awo. Na sa shi ya buɗe hannuwa, na zagaya ƙirjinsa da tef. Zuciyarsa tana bugun yatsuna kamar ta tsuntsun da aka kama. Tsawonsu ɗaya da Yaya, amma kafaɗar ba ta kai ba, wuyansa kuma bai san rana ba.

Ya ce, "Allura, yaya mai jiki?"

Na ce, "Da sauƙi. Ɗaga hannu."

"Yana gane mutane?"

"Juya."

Ya juya. Har na gama bai kalli fuskata ba. Ni kuwa ban kalli komai ba sai tasa.

Lahadi, da yamma

Yau ba aiki. Na zauna a ƙofar ɗakin Yaya, daga waje, inda aka yarda in zauna.

Ni ban yi nisa a karatu ba. Takardun labarin nan in na kama su sai kaina ya yi ciwo ban je ko'ina ba. Yaya ne ya ba ni labarin Mai Garwashi da baki, a nan tsakar gida, yana yin muryar kowa, har ta tsohuwar da ke gadin wutar. Ni kuma ina ta tambaya. Ta wane gefe yake kwanciya a daji? Ya ce dama. Na ce to ba maɓalli a dama. Zai bi ta cikin ƙaya? To a tsuke ƙafar wando. Na ce a yi masa aljihu, Yaya ya ce ina, in yana da aljihu masu kallo za su ce me ya hana shi jefa ashana a ciki ya huta. Matarsa ta yi dariya har ta kifar da ruwan wanke-wanke. Takalmi tsoho na samo masa, na sa igiya biyu ba iri ɗaya ba, don mai doguwar tafiya dole ɗaya ta tsinke masa a hanya. Gammon da yake ɗora kasko a kai, daga tsohon zanen Umma na naɗa shi.

Rigar kuwa, a labarin, ta ubansa ce, ya ba shi ranar tashi. Da na gama ta Yaya ya ɗaga ta da hannu ɗaya ya ce, "Uban da ya ba ɗansa wannan ya haye kogi da ita, ba ya son ya dawo." Shi ya sa na ɗinka ta biyun.

Hannun Yaya na dama yana yawan zuwa haƙarƙarinsa, yatsun suna tsinkar riga. Matarsa ta ce ƙaiƙayi ne, tana barbaɗa masa hoda. Ba ƙaiƙayi ba ne. Na san abin da yake nema a wurin.

Talata, bayan an tashi

An fara ɗaukar tafiyar tudu. Takalmin da na zaɓa wa Auta ya gaza ƙafarsa kaɗan, ba yadda ido zai gani ba, yadda shi zai ji. A wuyan rigar ciki na bar bakin ɗinki a tsaye. Kafin azahar wuyansa ya yi ja, yana ɗingishi a kan duwatsu. Darakta ya ce, "Kun ga ɗingishin nan? Ban koya masa ba. Jini ne." Mai Kwalliya ta kalli takalmin, ta kalle ni, ta ci gaba da shafa masa toka a goshi.

Da na sa masa rigar tudu karon farko sai ya ruga bayan mota ya yi amai. Aka ce rana ce. Lokacin ko zafi ba ta fara ba.

Bai ce a canza masa takalmi ba. Na jira ya ce.

Laraba

Yau ma bai ce ba. Da jini a safarsa.

Juma'a, da yamma

Na cika duro da ruwa a bayan ɗakin kaya na tsoma rigar tudu. Da farko ta tsaya a sama kamar abin kirki. Sai ta fara duhu daga ƙasa, a hankali, tana sha ba a jin motsinta. Da na zo ɗagowa sai da na kafa gwiwa a jikin duron. Na rungume ta a jiƙe na tsaya, in ji abin da Yaya ya ji. To ni hannuwana a sake suke. Nasa suna sama riƙe da kasko, kuma na san halinsa, ba zai saki ba tunda Darakta bai ce a yanke ɗauka ba.

Na shanya ta a inuwa. Na sa mata sabuwar igiya mai ƙwari.

Ya yafe mini.

Lahadi, da hantsi

Na je kogi ni kaɗai. Tsohon masuncin da ya fito da Yaya yana zaune yana gyaran koma. Ya gane ni. Ya nuna mini da haɓa: daga gaɓa har kusa da tsakiya ruwa iya ƙugu ne, amma masu ɗiban yashi sun bar rami a tsakiyar. Kana tafiya, sai ka taka ka ji ba ƙasa. Ya ce, "Na gaya wa shugaban naku, mai lasifikar nan, ran nan. Ya ce mini ai haske ya fi kyau ta wurin."

Na ce wannan karon ta sama za a bi, ta wajen busasshen itacen can.

Ya ce, "Ai ramin ya riga su zuwa can. Kullum ci suke."

Na tsaya ina kallon itacen. Ya dube ni da kyau ya ce, "Yaro, me kake aunawa haka da ido?"

Na ce ni tela ne, baba, komai na gani aunawa nake.

Ban gaya wa kowa maganar ramin ba.

Litinin, bayan la'asar

Motar Auta a bakin layinmu, gilashi a sauke rabi. Ya daɗe a wurin. Bai fito ba. Da yara suka fara zagaye motar ya ja ya tafi.

Zama a mota dai ya iya shi.

Laraba, da safe

Canza wa Yaya riga wahala yake ba su, sai an ɗaga shi an tanƙwara hannu. Na ɗinka masa masu buɗewa ta baya, na ajiye a bakin ƙofa ban ce komai ba. Yau na ga ɗaya a kan igiyar shanya, an sa an wanke.

Na fito zan tafi aiki muka haɗu da matar Yaya a soro. Ta tsaya tana kallon bango ta ce, "Umma, tambaye shi, hannunsa ba ya rawa in ya kama allura?" Umma tana can ƙurya, ba ta ma ji ba.

Ba ya rawa. Da yana yi da na fi samun sauƙi.

Asabar, da rana

Saura tsallaken kogi. An sa Talata.

Darakta ya same ni a ɗakin kaya, mutane suna shiga suna fita. Ya rage murya ya ce, "Ranar ruwa, ta ruwa kaɗai za ka kawo. Ɗayar ka kulle ta a nan."

Na ce da ƙarfi yadda kowa zai ji, "Yallaɓai, da ka zo ka duba da idonka kafin ya shiga, kada in sake rikicewa."

Mai Kwalliya ta tsaya da goga a hannu. Ya kalle ta, ya kalle ni. Ya ce, "Sau nawa zan ce ba na gane su? Ni ina ƙetare da kyamara. Direba zai duba buhunka."

Na ce to, yallaɓai. Bakina ya iya wannan kalmar, ko barci nake zai faɗe ta.

Na tambayi direba ko Auta ya iya iyo. Ya ce ya iya irin na wurin wanka mai tayil, inda kana ganin yatsun ƙafarka a ƙasa.

Litinin, kafin magariba

Na goge zobban rigar tudu da toka da tsumma, ɗaya bayan ɗaya, har ina ganin fuskata a ciki, ƙarama, a karkace. Ba su taɓa ƙyalli irin na yau ba. Na naɗe ta a cikin tabarma na ɗaure. Ta ruwa na sa a buhu ita kaɗai.

Umma ta ce ban ci abinci ba. Na ce na ci a wurin aiki.

Na leƙa Yaya ta taga. Yatsun suna nan suna nema.

Talata, bayan la'asar

Zan rubuta shi a jere yadda ya zo.

Direba ya duba buhu, ya ga ta ruwa ita kaɗai, ya ɗaga wa Darakta hannu. Kwalekwale ya ƙetarar da Darakta da Ido Ɗaya da kyamara da sauran mutane. A gefenmu saura ni, da Mai Kwalliya can bakin ruwa tana hura garwashi a kasko, da Auta.

Na warware tabarma a bayan motar kaya, a wurin da na shimfiɗa ta ran nan. Rigar tudu ta fito. Na ɗaga ta na buɗe masa hannuwan.

Ya kalle ta. Ya kalli ta ruwa a bakin buhu. Sannan ya kalli fuskata, yau dai.

Na tanadi abin da zan ce in ya tambaya. Bai tambaya ba. Ya juya baya ya zura hannu ɗaya, ya zura ɗayan. Nauyin ya sauka a kafaɗarsa, na ga gwiwarsa ta amsa.

Ya ce, "Ɗaure ta ciki."

Na tsaya.

"Ɗaure, Allura. Ƙulli biyu ne, ko ba haka ba?"

Na zura hannu na ɗaure. Ba zan rubuta irin ɗaurin da na yi ba.

Mai Kwalliya ta ɗora masa gammo da kasko, hayaƙi ya rufe mata ido, ba ta lura ba. Daga ƙetare lasifika ta ce mu je. Ya shiga. Idon sawu. Ƙwauri. Rana ta fito ta bayan itatuwa ta sauka a ƙirjinsa, zobban suka kama wuta. Gwiwa. Bakin rigar ya fara duhu daga ƙasa, irin na duro.

Ni ba Auta nake kallo ba, ubansa nake kallo. Ya kare ido da hannu. Ya gani. Na ga ya gani, don lasifikar ta sauko daga bakinsa ta tsaya a ƙirji. Ya waiwaya ya kalli Ido Ɗaya. Ya kalli mutanen da ke bayansa, waɗanda ya rantse a gabansu ba ya gane riga. Ya sake kallon ɗansa. Bai ce komai ba.

Ruwa ya kai cinya. Busasshen itacen yana matsowa. Bai ce komai ba.

Duk abin da zan manta a duniya, banda wannan shirun.

Na ji sanyi a gwiwata, na duba, ashe ina cikin ruwa, ban san lokacin da na shiga ba. Sai lasifika ta fashe. "Tsaya nan. Ka tsaya na ce! Ta ƙarfen ce, ku cire masa, ta ƙarfen ce!"

Har masu ɗiban yashi sun ɗago.

Auta ya tsaya, ruwa a ƙugu, kasko yana hayaƙi a kansa. Ya ɗaga murya ya ce, "Baba, ai ita ce mai ƙyalli."

"Ka koma baya. Akwai igiya a ciki, in ta jiƙe ba ta kwancewa. Ku kai masa wuƙa."

Ido Ɗaya ya ɗago daga kyamara, idonsa biyu a buɗe, ban taɓa ganin haka ba. Lasifikar tana a kunne ba a kashe ta ba, muka ji shi har gefenmu. Ya ce, "Yallaɓai, daga nan ka gane ta?"



Auta ya riƙe kasko da hannu ɗaya, ya zura ɗayan cikin rigar ya ja sau ɗaya. Ta buɗe. Ya sauke ta daga kafaɗa, ta ɗan bi ruwa, ta kai wajen itacen, ta tafi ƙasa. Ya dawo gaɓa wutarsa ba ta mutu ba. Da zai wuce ni ya ce, "Wannan ba ƙulli biyu ba ne."

Na ce hannuna ne ya yi haka, ban sa shi ba.

Darakta ya ƙetaro ya mare ni, ya ce sai ya ɗaure ni. Ido Ɗaya ya ce, "A kira 'yan sandan mana. Ni dai ba a ce mini in yanke ba, ban kashe kyamara ba." Maganar ɗauri ta mutu a nan. Aka ce in ɗauki almakashina kada a sake ganina.

Mai Kwalliya ta biyo ni har hanya da takalmina a hannu. Ta ce, "Na ji abin da na ji, kuma na ba ka gaskiya. Amma kai ma Allah ya shirye ka. Da uban bai yi magana ba fa? Da yaron ya ƙi ja fa?"

Na karɓi takalmin.

Laraba, da rana

Na zaci zan ji sanyi a raina. Ban ji ba.

Direba ya zo yana sunkuyar da kai, ya ce an ce ya karɓo fanka. Umma da kanta ta zare masa ita daga bango. Da ya fita ta ce, "Me ka yi?" Na ce an sallame ni. Ta zauna a bakin gado ta daɗe tana kallon kwalaben maganin da suka rage.

Matar Yaya ta ɗauko mafici.

Juma'a, da safe

Motar Auta ta sake tsayawa a bakin layi. Wannan karon ƙofar ta buɗe.

Ya tako har gida yana ɗingishi, ya yi sallama. Ya cire takalmi a ƙofar ɗakin gaba, yatsunsa duk a naɗe da bandeji. Ya durƙusa a nan. Ya kalli Yaya sau ɗaya, ya sa goshi a jikin ƙyaure. Umma ba ta san shi ba. Ta ce, "Ɗan wane ne wannan? Ko abokin yayanka ne?"

Na shiga ɗakin, ba wanda ya ce in matsa. Na ciro ƙullin nan daga aljihu, na kama hannun Yaya a haƙarƙarinsa na sa masa a tafi. Yatsun suka laluba shi, suka zagaya, suka rufe a kansa. Suka daina nema.

Matar Yaya ta ajiye mafici. Ta kalle ni, ni, ba bango ba. Ta ce, "Mene ne wannan ka ba shi?"

Na ba su labari tun daga tabarma. Rigar da aka jefar, da wadda aka ɗauko, da hannun da ya ɗaure, da dariyar da Yaya ya yi. Ban ƙara ba, ban rage ba.

Umma ta saurara kanta a ƙasa, kamar wancan karon. Ta ce, "Na tambaye ka ran nan. Wa ya gani banda kai?"

Na waiwaya ƙofa. Ya ɗago, fuskarsa a jiƙe, ya gyaɗa mini kai.

Na ce, "Yaya ya gani, Umma, ga shi nan kwance. Sai wani da yake zaune a cikin mota dab da tabarmar, gilashi a sauke, ya ajiye wayarsa a cinya yana kallo har aka gama ɗaurewa. Ga shi nan durƙushe a ƙofarki. Auta ne, ɗan Darakta."